Ranar Da Aka Ce A Kai Ni Gida

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena mata da ƴan'uwana, na nan Damagaram da waɗanda suka sha hanya kafin su iso taron nan. Salamarsa ta zauna tare da mu duka.

Sunana Hannatu, daga Tanut na zo. In kun ji muryata tana karcewa ku yi haƙuri, abin da ya rage min ke nan. Tabon nan na wuyana kuma ba sai kun riƙa satar kallonsa ba. Ga shi na janye mayafi, kowa ya kalla ya ƙoshi, don labarinsa na tashi in ba ku.

Ni ƴar manoma ce, daga wani ƙauye can wajen Tarka. Iyayena Musulmi ne, har gobe. Shekarar babban farin nan da ya share dabbobi muka kwaso muka zo Tanut neman abin kaiwa baki. A can na haɗu da Ishaya, direban kamyo, babbar motar kaya mai bin hanyar Agadas. A bakinsa na fara jin bishara. Na ba da gaskiya, na aure shi. Baba bai zage ni ba, bai kuma sa albarka ba. Da ruwa ya dawo ya ɗauki Inna suka koma ƙauye, ni na zauna. Daga nan sai gaisuwa ta bakin ƴan kasuwa.

Ba mu daɗe ba Ishaya ya fara ramewa. Zawo, tari, zufa. Mutumin da ke ɗaga tayar kamyo shi kaɗai ya koma sai na riƙe masa kofi. Ya rasu cikin rani, aka ce ciwon hanya ne. Ko ya san abin da ke jikinsa ko bai sani ba, na bar shi da Ubangijinsa. Ba ƙararsa na kawo muku ba.

Bayan rasuwarsa, dattijon ikilisiyarmu Malam Bulus, wanda ke aiki a gidan waya, ya ba ni ɗaki a gidansa. Matarsa Rahila ƙawata ce. Ba ƙawar gaisuwa a hanya ba, ƙawa wadda aka ƙulla a gaban mata aka raba goro. Zane iri ɗaya muke ɗaurawa ranar Kirsimeti. Ni na hura mata wutar wankan jego da ta haifi autanta. Ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ita ke taya ni suya, muna yi muna gulmar duniya muna dariya har Malam ya leƙo ya ce a rage. Abin da ban gaya wa Inna ba, Rahila ta san shi.

Sai ni ma tari ya kama ni. Kaluluwa ta fito min a wuya, ƙarama kamar ƴar magarya, ba zafi. Na ce za ta baje, ba ta baje ba. Majo, wato babban ma'aikacin likita, ƙaramin asibitin garinmu, ya duba ya ce wannan sai asibitin Damagaram. Rahila ta bar yaranta wurin maƙwabta ta rako ni.

Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa komai ya rataya. Lokotoron, wato daktan da ya duba ni, ba ya jin Hausa, ni kuma ban taka lakwal ba, wato makarantar boko. Rahila ta yi, tana jin Faransanci kamar ruwa. Duk abin da mutumin nan ya faɗa, ta bakinta ya iso kunnena.

Aka ɗebi majina, aka ɗebi jini aka aika Yamai, muka koma muka sake dawowa. Ran nan ya zaunar da mu ya rufe ƙofa. Ya ce ciwo biyu ne a jikina. Ɗaya tarin fuka, ya kama ƙirji ya hau wuya, kuma yana da magani: allura kowace safiya na ƴan watanni, da ƙwayoyi har shekara ta zagayo. Ɗayan kuwa shi ne wanda rediyo ta fara magana a kansa, sida, da wasu ke ce wa ƙanjamau, shi ba shi da magani tukuna.

Rahila ta riƙe hannuna tana kuka tana fassarawa.

Sai ya ɗaga yatsa ya ƙara wata magana, har ya sa ta maimaita min. Ya ce wani lokaci, bayan an fara maganin tarin mutum ya ji sauƙi, sai wuyan ya sake kumbura fiye da da, zazzaɓi ya dawo, har sabon ƙullutu ya fito. Ya ce in haka ta faru kada in ce magani ya ƙi ni. Jiki ne ya samu ƙarfi ya tashi yana kokawa da ciwon, kokawar ce ke kumbura wurin. Ya ce in je majo ya duba ni, amma ko me na gani kada in bar allura, don in na bari ciwon zai dawo da ƙarfin da maganin ba zai iya da shi ba.

A cikin mota muna komawa na ce, "Ƙawata, maganar ciwo na biyun nan, tsakanina da ke da Allah."

Ta ce, "Haba Hannatu. Ko a bakin kabari."

Aka fara allura a Tanut. Ƴan'uwa, cikin ƴan satittika na ga ikon Allah! Tari ya lafa, na fara jin yunwa, na ci tuwo har na nemi ƙari. Na tashi a sujadar Lahadi na yi godiya ana tafi. Har na fara lissafin ranar da zan koma kan turmina.

Sai wata safiya na tashi wuyana ya ƙi juyawa.

Ƴar magaryar nan ta zama goruba. Wata ta fito a ɗaya gefen, wata a hammata. Fata ta yi ja tana sheƙi, zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa, haɗiyar miyau ta zama aiki. Muryata ta shige ciki, in na yi magana sai iska. Na tsorata, ba zan ɓoye muku ba. Amma ina riƙe da maganar lokotoro, ina jan jiki kowace safiya in je a yi min allurata. Majo kuwa ya fita daji yi wa yara rigakafi, sai mai tsira allura kawai aka bari, shi nasa ya tsira ya ce Allah ya sawwaƙe.

A kwanakin nan na fara ganin canji a gidan. Aka ware min kofi da kwano. Autan Rahila, wanda ke kwana a bayana, in ya nufo ɗakina sai a fizge shi. Matan zumuntar ikilisiya suka daina shigowa, sai daga bakin ƙofa, "Sannu, Hannatu," hannu a kan hanci. Wata ta zo ta mayar min da kwalbar man da ta saya tun ina lafiya, ba ta ko buɗe ba. A nan na gane maganar da aka ce ko a bakin kabari ta riga ni isa kasuwa.

Wannan ya yi min ciwo, amma da a nan aka tsaya da na haɗiye.

Ranar Lahadi bayan sujada, manyan ikilisiya suka zauna a rumfar tsakar gida, ni ina kwance a tabarma a bakin ɗakina ina jin komai. Ku da kuka fito daga birni, bari in gaya muku yadda muke yi a ƙasarmu ta Damargu. In ciwo ya fi ƙarfin likita, sai a ce a kai shi gida. Ba mai cewa mutuwa, sai a ce a je a gwada na gida. Amma kowa ya san ma'anarta: mutum ya cika a gaban nasa, a rufe shi kusa da kakanninsa, kada ya mutu a hannun baƙi. Ba mugunta ba ce, mutunci ne ake yi wa mutum. Kuma ba a sallamar likita, don an san ba za su yarda ba. Shi majinyacin ma ba a tambayarsa. Ana yi a kansa yana kwance.

Malam Bulus ya ce, "Ƴan'uwa, kowa ya gani da idonsa. Kafin allurar nan wuyan bai kai haka ba. Magani bai karɓe ta ba, ƙara mata yake yi. Ga kuma ɗayan ciwon da aka ce ba ya jin magani. Iyayenta suna da rai. In ta cika a hannunmu ba su gan ta ba, me za mu ce musu? A kai ta gida."

Malam Bulus ba mugu ba ne. Abin da idonsa ya nuna masa ya bi, kuma ba ya ɗakin lokotoro ran da aka yi maganar.

Na tattaro ƙarfina na ɗaga hannu. Na ce lokotoro ya ce zai kumbura, ya ce kada a bari. Abin da ya fita bai fi shaƙar iska ba. Wata tsohuwa ta matso ta sa kunne, ta ɗago ta ce, "Wai lokotoro ya san da kumburin. Allah sarki, zazzaɓi ne ke magana."

Na nuna Rahila. Tana tsaye jikin rumfa da autanta a goye. Na nuna ta, na sake nuna ta, har kowa ya juya.

Malam Bulus ya ce, "Uwar yara, ke kika raka ta. Lokotoro ya faɗi haka?"

Ta dubi ƙasa. Ta gyara goyonta. Ta ce, "Ban tuna ba."

Wayyo Allah! Ƴan'uwa, na binne miji, an gaya min ina ɗauke da ciwon da ba shi da magani, amma ban taɓa jin abin da ya tsaga min zuciya kamar wannan ba. Da bakinta ta fassara min, har sau biyu. Maganar da na ce ta ɓoye ta watsa ta, wadda za ta cece ni kuma ta haɗiye ta.

Ranar kasuwa aka ɗora ni a bayan kamyo, kan buhunan gishiri. Sauran ƙwayoyina Malam ya ce a bar su, su ne ke kumbura ni. Aka kewaye motar aka yi addu'a, aka ɗauki waƙa, waƙar da ni nake ba da amshinta a zumunta. Suna kuka da gaske, ban ce ƙarya suke yi ba. Rahila ta miƙo ƙunshin kayana, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

An riga an aika wa Baba ta bakin wani mai sayar da kanwa. Yana tsaye inda mota ke sauke mutane, ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Ya dube ni, ya dubi wuyan, ya ce, "Sannu, Hanne." Shi ke nan abin da ya ce. Ya ɗora ni a jaki ya riƙe ni har gida.

Inna tana kwance ƙunshina tana neman zanen da za ta rufa min, sai ga farin yadi sabo fil, a naɗe a ƙarƙashin kaya. Ba nawa ba ne. Ta ɗaga shi, ta dube ni, ta ce, "Au, har sun auna ki?" Ta kama shi da haƙori ta tsaga gida-gida, tana jiƙawa a randa tana ɗora min a goshi. Kuka take yi tana zagin mutanen da ba ta taɓa gani ba, ni kuwa ba ni da bakin kare su, kuma ko ina da shi ban san me zan ce ba.

Na yi kwanaki a ɗakin Inna, ba allura, ba ƙwaya. Ana ba ni jiƙe-jiƙe ina sha don kada in ɓata musu rai. Kowace safiya, lokacin da na saba zama a bencin likita, sai in tuna wata allurar ta wuce ni. Na yi ƙoƙarin gaya wa Inna, ta ce in yi shiru in huta. Dangi suka yanke shawarar a kira wanzami ya yi sakiya, wato ya huda kumburin da ƙarfe mai wuta.

Ana gobe zai zo, da la'asar, hadari ya haɗu aka tafka ruwa. Ruwan farko na shekara, kuma mai kyau. Ku da kuka san ƙasarmu kun san abin da wannan ke nufi. Rairayi ne, danshi ba ya jira. In ruwan shuka ya sauka, gari duka daji yake tafiya, mai sungumi yana sara, mai iri yana binnewa, ko jana'iza gaggawa ake yi mata. Wanda ya makara ya makara. Ƙanena ya tafi cin rani bai dawo ba, gonar gidanmu Baba ne da Inna kawai. Irin ma da ƙyar ya tsira da shi daga bakin yunwa.

Wanzamin ya zo da sassafe don ya gama ya wuce tasa gonar. Ya zauna a bakin ɗaki ya zuba gawayi, ya sa ƙarfe, yana fifita. Mata biyu suka shigo za su danne ni. Baba yana tsakar gida, sungumi a kafaɗa, jakar iri a hannu, yana jira a yi a gama.

A nan na yi addu'a. Ba irin wadda aka koya mana ba ce, ku gafarce ni. Cikin zuciyata na ce, "Yesu, saboda kai na bar gidan nan. Mutanenka sun ɗora ni a mota suna waƙa. Ƙawata ta ci amanata a gaban kowa. In kai ma ka ce a kai ni gida, to ga ni a gida, ka ɗauke ni kafin ƙarfen nan ya yi ja. In kuwa ba kai ka ce ba, ba ni murya. Ban roƙe ka warkarwa ba yau. Murya kawai."

Ban ga haske ba, ban ji wani ya kira sunana ba. Tari ne ya turnuƙe ni, mai ƙarfi, har na ga duhu-duhu. Da ya sake ni sai na ji maƙogwarona ya ɗan buɗe.

Na ce, "Baba!"

Ya fito, ƴan'uwa! Ya fito kamar kukan tsohon ƙyaure, amma ya fito, har kajin tsakar gida suka watse. Haleluya!

Baba ya jingine sungumi ya leƙo. Na rarrafa na kama gefen rigarsa, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Na ce a fitar da matan. Na gaya masa duka. Na gaya masa ciwo biyu ne, har da wanda ake faɗa a rediyo, ban rage masa komai ba. Na gaya masa abin da lokotoro ya ce game da kumburin, da abin da zai faru in an bar allura. Ina yi murya tana yankewa, shi kuwa ya durƙusa ya kawo kunnensa, ya jira ni har na kai ƙarshe.

Ya ce, "Shi mai maganin, tun kafin ya kumbura ya ce zai kumbura?"

Na ce, "I, Baba."

"Kuma ya ce da sauran magani?"

"Na tarin, da saura da yawa."

"Waɗanda suka ɗoro ki a mota, sun san da haka?"

Na ce, "Ɗaya ta sani."

Daga waje ana jin mutane suna wucewa da jakuna suna kiran juna, gari yana ta fita. Ya dubi sungumin, ya daɗe yana dubansa. Sai ya miƙe ya ciro goro ya ba wanzamin, ya ce ya yi haƙuri ya kashe wutarsa. Ya juyo ya ce min, "Wanda maganinsa ya ƙare ake kawowa gida. Ke naki bai ƙare ba, ba ki zo ba tukuna. Tashi."

Motar kasuwa ba za ta dawo ba sai wani satin, ruwa kuma ya cika kwari. Baba ya je wurin wani Buzu maƙwabcinmu ya aro raƙumi. Ƙanen Baba, Baffa, ya tare shi a ƙofar gida ya ce, "Yaya, ka yi hankali. Kafin ka dawo ƙasa ta bushe. Ka bari a yi shuka, jibi ka kai ta."

Baba ya ce, "Na san ƙasa za ta bushe. Riƙe min akala in ɗora ta."

Aka ɗaure ni da zane a kan siddi don kada in faɗo. Baba, da tsufansa, ya ja raƙumi da ƙafa. Muna ratsa gonaki, ko'ina mutane a duƙe suna shuka, suna ɗagowa suna kallonmu. Muka wuce ta gefen tamu gonar. Inna ce a ciki ita kaɗai, tana sara da ƴar fartanya tana binnewa. Baba bai juya ya kalla ba. Ni na kalla, na yi kuka har na rasa hawaye. Muka kwana a rugar wasu Fulani, suka ba ni madara mai ɗumi, washegari muka ci gaba.

Da muka iso Tanut majo ya dawo daga daji. Yana ganina ya ɗaga murya, "Wa ya ɗauke ta? Ina ta aike ana cewa ta yi tafiya!" Ya sa abin sauraronsa a ƙirjina da bayana, ya danna wuyan, ya auna ni. Ya ce ƙirjin ya fi yadda yake da, wuyan kuma abin da lokotoro ya faɗa ne. Ya zuƙe ruwan da sirinji, ya yi min allura a take. Ya ce wa Baba da an ƙara daɗewa, da labarin ya canza.

Baba ya ce ba zan koma gidan da aka fito da ni ba. Ya samo wata tsohuwa ƴar garinmu mai sayar da fura, ya kafa min rumfar zana a tsakar gidanta da hannunsa. Sai da ya ga na yi safiya uku-huɗu ina zuwa allura da ƙafata, sannan ya ja raƙumin mutane ya koma.

Kada ku ce daga nan sai sauƙi. Wuyan ya ƙara kumbura ma tukuna. Ya fashe, ya yi ta zuba, tsohuwar nan tana wanke min tsumma ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Akwai safiyar da na tsaya a hanya na ce anya ba Malam Bulus ne ke da gaskiya ba? Sai in tuna wanda ya ba ni murya, in ɗaga ƙafa. A hankali zazzaɓi ya janye, ƙullutun hammata ya baje, bakin ciwon ya bushe. Kafin a yi girbi na ɗaga taɓarya. Yabo ga Ubangiji!

Girbin kuwa, Baba ya yi shuka a ruwa na biyu, geron bai gama cika ba ruwa ya ɗauke. Abin da ya shiga rumbunsu bai kai su rani ba. Inna ce ta gaya min. Shi har yau bai taɓa ɗaga maganar ba, in na fara sai ya tambaye ni ko ina shan ƙwayoyina.

Malam Bulus ya zo tun da wuri, ya cire hula ya ba ni haƙuri, na yafe masa ba wuya. Rahila kuwa sai da na fara fita kasuwa ta zo. Ta shigo da kwanon dambu, ta ajiye, ta tsaya kamar baƙuwa. Ban ce ta zauna ba.

Ta ce, "Ƙawata."

Na ce, "Wa?"

Ta fashe da kuka. Ta ce, "Na tuna, Hannatu. Ko a lokacin na tuna. Yarana na duba. Na ga wuyan nan zai fashe a tsakar gidana, ga auta yana rarrafe yana kai komai baki. Lokotoro ya ce ba a ɗauka ta kwano, na ji, amma tsoro bai bar ni na yarda ba. Na ce in kin tafi gida, shi ke nan, ba sai na kore ki da bakina ba."

Na ce, "Rahila, da kin shigo ɗakina kin ce, Hannatu, ina tsoro, tashi daga gidana, da na naɗe tabarmata na koma ko gindin bishiya ne kusa da likita, kuma da har yau ke ƙawata ce. Kunyar korata kika ji, amma ba ki ji kunyar a kai ni in mutu ana waƙa ba."

Ta bar kwanon ta fita. Dambun kuwa, tsohuwa mai fura ce ta cinye shi.

Ƴan'uwa, Rahila tana cikin taron nan. Kada ku waiwaya neman ta, ba don haka na faɗa ba. Mota ɗaya muka hau daga Tanut. Da aka ce in ba da shaida na je na same ta na ce zan faɗa, ta ce in faɗi duka har da sunanta. Wannan na yaba mata.

Ko mun koma kamar da? A'a. Ba zan yi ƙarya a gaban Ubangiji ba. Muna gaisawa, muna zama a benci ɗaya, autanta yana zuwa wurina cin ƙuli-ƙuli. Na ce na yafe, kuma ina nufin haka, amma wata safiyar sai in tashi in tarar abin ya dawo ya zauna min a ƙirji, sai in sake ɗauka in kai wa Yesu. Ku taya ni da addu'a a kan wannan.

Tarin ya warke, na gama maganina, an duba an ce babu shi. Ɗayan ciwon yana nan a jinina, ban kuma san kwana nawa Ubangiji ya ɗebar min ba. Amma yau da ƙafata na hau nan, da bakina nake magana.

Roƙona gare ku ɗaya ne. In kun koma garuruwanku, wata rana za a zauna a rumfa a kan wani majinyaci, a ce magani ya ƙi shi, ga shi ciwon sai ƙaruwa yake yi, a kai shi gida. Kafin a kira mota, wata a cikinku ta ɗauki mayafinta ta je likita ta tambaya. Wata kuma ta durƙusa ta kai kunne bakinsa, ta jira har ya gama. Ke kuma da kike kwance, wadda kowa ya yanke miki, kada ki saki maganinki, kada ki saki Yesu. Ni da na kira shi da fushi ma ya amsa.

Na gode wa Allah Uba saboda lokotoro da majo da tsohuwa mai fura. Na gode masa saboda Baba, wanda ba ya shiga sujadarmu, amma shi aka aiko ran da namu suka yi shiru. Ku sa shi a addu'a, shi da Inna, Allah ya ba su damina mai kyau bana. Ɗaukaka ta tabbata ga Yesu Almasihu, mai jin wanda ba shi da murya. Amin.